Kwana Huɗu a Ƙafa Zuwa Chappal Waddi, Inda Ake Ganin Haihuwar Ruwa

Duk wanda ya tashi a bakin Kwara, daga Shanga zuwa Yelwan Yawuri har Wara ta ƙasar Ngaski, ya san sau biyu kogin nan yake kawo ruwa a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, wanda ruwan saman yankinmu ke kawowa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda yake isowa cikin hunturu, lokacin da aka daɗe ko ɗigo bai faɗo daga sama ba. Masunta sun san lokacinsa, masu noman albasa a bakin tafki ma da shi suke lissafi. Sai dai ba kowa ke tambayar daga ina ya fito ba.

Daga kan duwatsu yake fitowa. Mafarin Kwara yana can tsaunukan ƙasar Gini. Ruwan da ya sauka can da damina sai ya biyo ta Bamako, ya bazu cikin manyan fadamun Mali ya zubar da lakarsa, ya wuce ta kusa da Tambutu, ya ratsa Yamai, sannan ya iso mana bayan watanni. Ke nan uwargidan da ke wanke-wanke a bakin Tafkin Kainji cikin watan Janairu, ruwan wani dutse ne da ba ta taɓa gani ba take kwarara wa tukunyarta.

Gini ta yi mana nisa. Amma a nan gida Najeriya akwai wurin da mutum zai tsaya ya ga yadda dutse ke haifar kogi da idonsa. Wurin shi ne Gandun Dajin Gashaka Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a kan iyakarmu da Kamaru. An kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma babu gandun dajin ƙasa da ya kai shi girma a ƙasar nan. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419. Mutanen wurin suna kuma kiransa Gangirwal, ana fassara sunan da dutsen mutuwa. Can muka nufa cikin watan Disamba, mu shida, mata biyu maza huɗu, ciki har da maigidana.

Hanyar zuwa

Daga Yawuri kwana biyu cur muka yi a mota kafin mu kwana a Jalingo. Daga nan sai Bali, sai Serti, inda ofishin gandun yake. A nan ake karɓar izini, a biya kuɗin shiga, a haɗa baƙo da jami'an gandun daji da za su raka shi. Babu mai hawa dutsen nan shi kaɗai, kuma duk wanda ya ga hanyar ba zai so hakan ba.

Daga Serti mota ta kai mu Mayo Selbe, gindin hawan Mambila. Hanyar tana nannaɗe jikin dutse kamar an naɗa rawani, kwazazzabo a gefe guda, bango a ɗaya gefen. Kunnuwa suka toshe, salati ya yawaita a motar. Da muka kai sama sai ga wata ƙasa daban: tuddai masu ciyawa iya ganin ido, shanu a warwatse, iska mai sanyi da tsakar rana. A nan ne ake noman ganyen shayi a Kakara. Akwai ma wani ƙauye da ake kira Yelwa kusa da kurmin Ngel Nyaki. Muka yi ta dariya, don Yelwarmu a watan Afrilu ko mayafi nauyi yake yi wa mutum, wannan Yelwar kuwa sai da bargo.

Wannan yanki a da yana cikin Kamaru ta Jamusawa, daga baya ya koma hannun Ingilishi. A ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 ne ya zaɓi zama cikin Najeriya, aka raɗa wa lardin sunan Sardauna. Har yau ƙaramar hukumar da Gembu ke shugabanta sunan da take amsawa ke nan.

A Nguroje muka yi sallama da mota. 'Yan kabu-kabu suka ɗaure kayanmu, muka yi awoyi muna hawa da gangara a kan jar ƙasa, wani wurin sai an sauka an tura babur, har muka isa Njawai da yamma. Daga nan kuma sai sawu.

Rana ta farko

'Yan uwana mata, bari in faɗa muku gaskiyar hawan dutse: ba ƙarfi yake so ba, haƙuri yake so. Awa ta farko kowa na hira. Awa ta biyu sai numfashi. Mu da muka fito daga bakin tafki, inda ƙasa ba ta kai mita 200 sama da teku ba, ƙirjinmu ya fi na kowa sanin an canza wuri. Iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, don haka zuciya ke ƙara bugu don ta isar wa jiki abin da yake buƙata. Na riƙa taɓa jijiyar hannuna ina ƙirgawa, aikin da na saba yi wa marasa lafiya yau ga shi ina yi wa kaina.

Babban jami'in da ya ja mu dattijo ne ɗan yankin, ba shi da yawan magana. Da ya ga samarin cikinmu sun yi gaba da sauri, sai ya ce da ni, “Malama, ki bar su. Taka ƙanana, kada ki tsaya, kada ki yi sauri. Za mu same su a gaba suna zaune.” Haka kuwa aka yi.

Tudu ɗaya muke hawa mu tarar da wani a bayansa. Tsakanin kowane tudu biyu akwai kwari, cikin kowane kwari akwai siririn kurmi, cikin kowane kurmi akwai ruwa yana gudu, garau, mai sanyi kamar daga firij. A ranar kaɗai na ƙirga ƙorama tara da muka tsallaka. Wata da taki ɗaya, wata sai an tuɓe takalmi. Wannan fa cikin rani ne, ciyawar kan tudu ta bushe ta yi ja. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk inda ruwa yake akwai itatuwa, duk kwarin da aka sare itatuwansa kuwa sai busasshen kwalbati da tsagaggiyar ƙasa.

Rugar ƙarshe

Gab da magariba muka isa wata rugar Fulani, wadda daga ita babu sauran gida sai dutse. A cikin gandun akwai wasu yankuna da hukuma ta bar wa mutanen da ta tarar a wurin su ci gaba da zama da kiwo. Jauro ya karɓe mu, aka ba mazan wuri, mu kuma aka shigar da mu wajen mata. Aka kawo kindirmo da tuwon masara. Ban taɓa jin daɗin zama kusa da murhu kamar daren nan ba.

Da aka ji aikina jinya ne, sai wata dattijuwa ta kamo hannuna ta ce, “'Yata, zo ki duba mini yarinyar nan.” Surukarta ce, ba za ta wuce shekara goma sha takwas ba, cikin fari, wata takwas. Ƙafafunta sun kumbura, fuskarta ta cika, ta ce kwana uku kanta na sara, wani lokaci tana ganin walƙiya a idonta. Na ɗauko abin awon jini daga jakata. Na auna, na jira, na sake aunawa: 165 bisa 110.

Na ce, “Inna, wannan ba kumburin ciki ba ne kawai. Jininta ya hau sosai. In aka bar ta a nan jijjiga na iya kama ta, a rasa ta a rasa abin da ke cikinta. Gobe da asuba a kama hanyar asibiti.”

Tsohuwar ta yi shiru, sannan ta ce, “Asibiti fa, 'yata, ai ita ce hanyar da kuka biyo yau.” Wato yini guda a ƙafa ko a kan doki, sannan awoyi a kan babur, sannan mota zuwa Gembu. Ta ce macen da naƙuda ta yi wa gardama, gado ake ɗaura mata da sanduna, maza huɗu su ɗauka.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnena. Mun sha karɓar mata daga tsibiran Gungawa da ƙauyukan bakin tafki da aka kwantar a cikin kwalekwale da tsakar dare, sun iso an riga an makara. Can ruwa ne ya raba mace da asibiti, nan dutse ne. Na sa aka kira mijin da Jauro, jami'in gandun ya yi mana tafinta da Fulatanci, na faɗa musu ba tare da kwana-kwana ba. Na rubuta awon da alamomin a takarda na ba mijin ya miƙa wa duk ma'aikacin lafiyar da ya fara tararwa. Da asuba, muna ɗaura jakunkunanmu, su ma suna ɗaura wa doki sirdi.

Ke da kike karanta wannan da ciki a jikinki, ko 'yarki ko ƙanwarki, ki riƙe waɗannan: ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi ko walƙiya, ciwo a saman ciki ta gefen dama. Ɗaya daga cikinsu ya isa a tafi awo a ranar, ba gobe ba.

Cikin kurmi

Rana ta biyu ita ce mafi wuya, kuma ita ce ta biya mu wahalarmu. Bayan hawan safe muka shiga kurmin jikin dutsen. Da shiga sai rana ta ɓace. Itatuwa dogaye, jikinsu lulluɓe da gansakuka, wasu tsirrai na reto daga rassa kamar gemun tsoho. Ƙasa laushi kamar katifa. Babu ruwan sama, amma ɗigo na sauka a kan hijabina.

Jami'in ya ce in tura hannuna ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Na tura har wuyan hannu, na damƙo, na matse, sai ga ruwa na bin yatsuna. Ga yadda abin yake: gajimare da hazo suna bi ta cikin kurmin, ganye da gansakuka su kama laimar, ta taru ta ɗiga ƙasa. Ƙasar kuma, saboda ganyen da ya shekara da shekaru yana ruɓewa, ta zama kamar soso. Da damina ta sha ta ƙoshi, da rani ta riƙa saki kaɗan-kaɗan. 'Yan taku kaɗan daga inda muke tsaye ya nuna mini wani gindin dutse da ruwa ke tsattsafowa, bai fi a tara da ludayi ba. Ya ce, “To, Malama, ga kogi yana jariri.”

Irin waɗannan idanun ruwa ne suke haɗuwa su zama ƙorama, ƙoramu su zama koguna irin su Mayo Kam da Mayo Gashaka, su taru su zama Kogin Taraba, Taraba ta faɗa Binuwai. Binuwai kuwa a Lokoja take haɗuwa da Kwara. Wato ruwan da na tara a tafin hannuna ranar nan, da ruwan da ya wuce ta ƙofar gidanmu a Yawuri, akwai inda za su gamu su zama ɗaya.

In aka sare kurmin ko wuta ta cinye shi, soson ya tafi. Ruwan damina ba shi da mai riƙe shi, sai ya gangaro gaba ɗaya da ƙasa da duwatsu, ya zama ambaliya ga na ƙasa. Rani na shigowa kuma sai ƙorama ta ƙafe, matan gari su koma tonon yashi. Abubuwan da ke cin kurmin sanannu ne: wutar da ake sa wa ciyawa don sabon toho, wadda kowace shekara take ɗan gutsurar bakin kurmi; masu haƙar ma'adinai; da saran madobiya da aka yi ta lodawa zuwa ƙasar Sin a shekarun baya, har ya kusa ƙarar da ita a sassan Taraba.

A cikin kurmin ne kuma ya nuna mana wani tarin rassa da aka lanƙwasa can saman itace. Gadon biri mai ganga ne, babban birin nan mai kama da mutum. Ana kiransa haka ne saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa, ƙarar ta tafi nesa kamar ganga. Kowane dare sabon gado yake yi. Irin da ke wannan daji a Najeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa, kuma Gashaka Gumti na cikin manyan wuraren da ya rage. Uwar tana shayar da ɗanta shekara huɗu zuwa biyar, tana goye da shi, ba ta sake haihuwa sai ta yaye. Shi ya sa in maharbi ya kashe uwa ɗaya, ba rai ɗaya ya ɗauke ba. Mu dai gadon muka gani, masu gadon sun ji motsinmu tun daga nesa.

Ƙololuwa

Mun kwana a tanti a bakin kurmin ta sama. Wani abin mamaki ga masu girki: wake ya ƙi nuna. A irin wannan tsawo ruwa yana tafasa tun zafinsa na wajen digiri 92, bai kai 100 da muka saba ba, don haka tukunya na ta ɓararraka amma abinci na nan da ƙarfinsa. Sai da muka ƙara kusan awa guda. Alwalar asuba kuwa sai da aka ɗumama ruwa, don yatsu ba sa lanƙwasuwa.

Rana ta uku muka tashi da tocila. Babu sauran itace, sai gajeriyar ciyawa da iska mai kaɗa mutum. Gwiwa na rawa, kowane taki ashirin sai an tsaya an numfasa. Wajen hantsi jami'in ya tsaya ya ce mun iso.

Babu gini, babu shago, babu kowa. Gajimare na ƙasa da mu, shimfiɗe cikin kwaruruka kamar auduga a kan tabarma. Gabas duwatsun Kamaru ne, layi bayan layi har ido ya gaji. Babu katanga tsakanin ƙasashen biyu, ciyawa ɗaya ce, iska ɗaya. Abokiyar tafiyata, malamar makaranta mai 'ya'ya biyar, ta zauna ta fashe da kuka, ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa yin wani abu don kanta kawai ba sai yau. Muka yi addu'a, muka ci dabino, muka juyo kafin iska ta ƙara ƙarfi.

Saukowa ta ci sauran ranar da rana ta huɗu. Hawa ƙirji yake ci, sauka gwiwa da farce. A rugar muka tarar da saƙo daga wani ɗan kabu-kabu cewa an isa da yarinyar asibiti an kwantar da ita. Tsohuwar ta cika mana gora da nono ta ce guzuri ne.

Namu gandun fa?

Mu ma muna da gandun daji a maƙwabtanmu. Gandun Dajin Tafkin Kainji, da sassansa biyu na Borgu da Zugurma, yana nan tun ƙarshen shekarun 1970, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,000. Iyayenmu sun san lokacin da ake kai 'yan makaranta bakin Kogin Oli su ga dorina da gwanki da gwaggon biri. Yau 'yan bindiga sun samu mafaka a cikinsa, babu uwar da za ta yarda ɗanta ya je yawon buɗe ido can. Mutanen yankinmu sun riga sun ba da nasu kason: da aka kammala madatsar Kainji a 1968, mutum fiye da 40,000 aka tasa daga gidajensu, tsohuwar Busa da tsibirai da dama suka nutse. Bai kamata bayan wannan a ce dajin ma ya fita daga hannunsu ba.

A Gashaka, tun 2017 Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa take aiki tare da gidauniyar Africa Nature Investors, ana ɗaukar samarin ƙauyukan yankin aikin tsaron daji. Waɗanda suka raka mu 'ya'yan wurin ne, sun san kowane kwari da sunansa, kuma a kowace ruga ana gaishe su da sunan iyayensu. Abin da na fahimta shi ne, daji ba ya tsaruwa da bindiga kaɗai. Wanda ke zaune a bakinsa shi ne mai gadinsa na gaskiya, kuma ba za a ce wa mutum ya kula da itace da biri ba alhali matarsa sai an ɗauke ta a kan sanduna kafin ta ga ungozomar asibiti. In ana so kurmi ya tsaya, ruwa ya ci gaba da gangarowa, to a kai awon ciki da rigakafi har rugar ƙarshe, a kai su har tsibiri na ƙarshe.

Ga mai niyyar zuwa

Lokacin tafiya rani ne, daga Disamba zuwa Fabrairu. Da damina hanyoyin ba sa biyuwa. A tuntuɓi ofishin gandun a Serti tun kafin a bar gida, a tambayi halin tsaro da na hanya, a kuma bi abin da suka ce. A fara tattaki kullum wata biyu kafin tafiya. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma ta ga likita tukuna; mai ciki kuwa ta bari sai wani jiƙon.

Takalmi ya zama mai rufi wanda ƙafa ta saba da shi, ba sabo ba. Wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, da hijabin da bai wuce gwiwa ba don kada ya harɗe ƙafa. Rigar sanyi biyu, safa, bargo, tocila, sanda. A jaka a sa ruwan gishiri da sukari na leda, filasta saboda bororo, maganin ciwon jiki, da audugar mata ko da ba a sa ran lokacin. Ruwan ƙorama komai kyansa a tafasa shi, don shanu na sha a sama. Sabis na waya yana ɗaukewa na kwanaki, don haka a gaya wa wadda aka bar wa yara tun da wuri kada hankalinta ya tashi. A ɗauki 'yan dako daga ƙauyen, a biya su da kyau. Duk ledar da aka hau da ita a sauko da ita.

Wadda ba ta samu zuwa ba kuwa, in baƙin ruwa ya iso bana, ta kama hannun 'ya'yanta ta kai su bakin kogi ta gaya musu daga inda ya fito. Allah Ya ba mu zaman lafiya a dazuzzukanmu, Ya sauki masu ciki lafiya, na kan dutse da na cikin tsibiri.